Karyar da Ta San Uwata

Na yi kishi a rayuwata ba sau ɗaya ba, amma wanda ya fi cin raina, wanda har yau da furfura a kaina ban manta da shi ba, da karya na yi shi. Karya dai, mai ƙafa huɗu da wutsiya. Jikokina dariya suke yi in na faɗa, ni kuwa har gobe ban ga abin dariya ba.

A wani ƙauye aka haife ni a bakin fadama, tsakanin Haɗejiya da Auyo, zamanin Turawa na mulki. Asalinmu Fulani ne, amma shanu sun ƙare tun kakanni, Fillancin ma ya bi su, muka zama manoman shinkafa kamar kowa, da rani a kama kifi. Abu ɗaya ne bai bi shanun ba, shi ne kunya. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya zama ya yi hira da shi, in da mutane ko kallonsa ba ya yi. Uwa ma haka. Da an yaye yaro sai a miƙa wa kaka. Ni ce 'yar fari, don haka ana yaye ni aka kai ni ɗakin Inna, mahaifiyar ubana, kuma a shekarar nan iyayena suka ɗaure kayansu suka kama hanyar Makka a ƙasa.

A lokacin nan tafiyar ƙasa ba ta wata ɗaya ko biyu ba ce. Mutum ya yi tafiya, guzuri ya ƙare, ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago, ya sake tashi. Wasu su dawo da farin gemu, wasu ko labarinsu ba a ƙara ji. Ni dai na tashi na ga Inna tana nuna gabas da haɓa duk lokacin da na tambayi iyayena. Ubana, wanda muke ce wa Baffa, bai cika damuna ba, uwata nake jira. Dalili kuwa, hannun Inna rawa yake yi, kitson da za ta yi mini kafin Juma'a ta zagayo ya warware, ƙawayena su yi ta ce mini mai kan sheƙar tsuntsu. In na dawo da kuka sai Inna ta ce, “Ƙyale su. Duk garin nan ba wadda ta kai uwarki iya kitso. Tana da wani matsefi na baƙin itace, bari ta dawo ki ga yadda za su koma binki.” Da wannan maganar na girma, har na fara zama budurwa.

Wata rana bayan an gama yankan shinkafa, da la'asar, yara suka shigo da gudu suna cewa ga Alhaji ya dawo. Na fita ko ɗankwali babu. Na ga wani dogon mutum, ramamme, ya yi baƙi, yana janye da jaki, ga wata dabba a gefensa. Ban tsaya kallonsu ba, bayansa nake leƙe ina neman mace. Hanya fayau, ba kowa. Inna ta riga ni ganewa, ta ɗora hannu a ka. Ya durƙusa a gabanta ya ce, “Inna, sai haƙuri. Allah ya yi mata rasuwa a ƙasar Wadai, muna kan hanyar dawowa.” Aka ɗauki salati. Idonsa ya sauka a kaina sau ɗaya, ya janye da sauri kamar wanda ya taɓa tukunyar da ke kan wuta. Aka kawo masa ruwa a ƙwarya, bai sha ba, sai ya dubi dabbar nan ya ce, “A fara ba ta, ta sha tafiya.” Maganar da na fara ji ke nan daga bakin ubana bayan labarin mutuwar.

Ranar nan gardama aka yi ta yi a ƙofar gidanmu, wasu su ce kare ne, wasu su ce barewa ce aka yi wa asiri. Karnukan garinmu gajeru ne, masu guntun gashi, maharba sun yanke musu kunne tun suna ƙanana. Wannan kuwa doguwa ce, ƙafafu sirara, ƙirji ya sauka ƙasa, ciki ya lafe har ka ce ba ta taɓa cin abinci ba. Jikinta launin busasshiyar ciyawa. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne gashinta. A kunnuwanta ya zubo har wuya, mai laushi, mai santsi, haka ma a wutsiya da bayan ƙafafu. Baffa ya ce Larabawa na kiran irinta saluki, kuma a wurinsu ba a haɗa ta da sauran karnuka. Yara suka laƙaba mata Balarabiya. Ita ko a jikinta, ba haushi, ba kaɗa wutsiya, kallon kowa take yi sama-sama.

Inna ta rantse kare ba zai kwana mata a gida ba, sai da aka kai maganar gaban liman. Ya ce karen farauta shari'a ta yarda a riƙe, amma kada ya shiga ɗakin kwana, kuma a ware masa abin cin abincinsa. Baffa ya kafa mata rumfar kaba a jikin ƙofar ɗakinsa, ya shimfiɗa mata tsohon buzu, aka ware mata kasko. Wa zai riƙa wanke kaskon, ya zuba mata tuwo da nono? Ni. Baffa ba ya cewa da ni “ke”, balle suna. Sai dai ya dubi iska ya ce, “A wanke kaskon nan,” ko “A kawo mata ruwa,” ni kuwa na san ni ce “a” ɗin. Ita kuma suna gare ta, na Larabci, yana kiransa safe da yamma da wata murya da ban san yana da ita ba. Na san sunan sarai, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Shi bai kira nawa ba, ni ma ba zan kira nata ba.

Ƙasarmu ƙasar ƙarangiya ce. Karnukanmu su ratsa ta su kakkaɓe su wuce, amma wannan da ta ɗan zaga bayan gari sai ta dawo kunnuwa da wutsiya sun cukurkuɗe da ƙaya. Maharba suka ba Baffa shawara ya yanke kunnuwan kowa ya huta, ya yi musu wani kallo, ba wanda ya sake tayar da zancen. Maimakon haka, kullum in ya dawo daga sallar la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar tsakar gida, ta zo ta ɗora haɓa a gwiwarsa, ya riƙa cire ƙarangiyar ɗaya bayan ɗaya, yana taje gashin, yana yi mata Larabci ƙasa-ƙasa. Ranar farko da ya fito da matsefin daga aljihu, na ga mazarin da Inna ke kaɗi da shi ya tsaya cak. Baƙin itace ne, ya yi sulɓi saboda riƙo. Ba sai an gaya mini ba, amma na tambaya. Inna ta ce, “Shi ne.” Na shiga bayan rumbu na yi kuka har na gaji. Shekara da shekaru ina jiran matsefin nan, ga shi ya iso gidanmu, kuma a kunnen karya ya sauka.

Tun daga ranar na ɗaura gaba da ita. Kullum la'asar ina zaune a nesa ina saƙar kaba, kaina a tsefe rabi, ina hararar su ta wutsiyar ido. In na kai mata tuwo sai na dangwarar da kaskon. Abin haushin, duk garin ba wanda take kulawa in ba Baffa ba, sai ni. Ina daka za ta zo ta tsaya a bayana. Ina zaune za ta lallaɓo ta ɗora dogon bakin nan a kan ƙafata ta lumshe ido. In ture ta, in je in wanke ƙafar da toka, in dawo, ta sake dawowa. Na ɗauka rainin hankali ne kawai.

Da rani ya shigo, ƙasar fadama ta bushe ta tsattsage, sai Baffa ya dubi iska ya ce, “A kwaɓa lalle.” Murna ta kama ni. Na ce yau kam ya tuna yana da 'ya, tunda sallah ta kusa. Na daka ganye, na tankaɗe, na kwaɓa shi da kyau na kawo, har na wanke ƙafafuna na zauna kusa. Sai ya kira ta, ya kama ƙafarta ya shiga shafa mata a tafi, yana naɗewa da tsumma. Inna ta saki baki ta ce, “Yau na ga abin da ya ishe ni. Ƙunshi ake yi wa karya? Wa zai aure ta?” Ya ce haka Larabawa ke yi don tafin ya yi tauri, kada busasshiyar ƙasa ta yanke ta. Ya ce, “In ya yi saura a yi amfani da shi.” Ya yi saura kuwa, amma na zubar a bayan danga. Na yi sallar nan da fararen ƙafafu, ita tana yawo da jajaye.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, duk da ba na so. Na ga gudunta, kuma ban sake ganin irinsa ba. Ranar na bi su da gorar ruwa zuwa filin da ruwa ya janye. Karnukan maharba suna ta sunsunar ƙasa, ita kuwa da ido take farauta, hanci bai dame ta ba, don haka Baffa ya ɗaga ta sama a hannu don ta hango bayan ciyawa. Zomo ya tashi can nesa. Ya yi bisimilla ya sake ta. Kafin sauran karnukan su gane abin da ake ciki ta zama ɗan ɗigo, kunnuwan nan sun miƙe baya, jikinta na naɗewa yana warwarewa, ƙafafun kamar ba sa taɓa ƙasa. Zomo ya karkace, ta karkace tare da shi. Da muka isa mun tarar ta danne shi, ba ta ci ko tsoka ba, tana jiran Baffa ya zo ya yanka. Ya durƙusa ya riƙe fuskarta da hannu biyu yana dariya, haƙoransa duk a waje. Ranar na fara ganin dariyar ubana. Da yamma na ci naman zomon ina fushi, amma na ci da yawa.

Damina ta zo, kogi ya cika ya malale fadama, hanyar gonarmu ta tudu ta zama ruwa har ƙirjina. Ita 'yar sahara ce, ko ɗigon ruwa ba ta so a jikinta. Sai Baffa ya saɓa ta a wuya kamar makiyayi da ɗan tunkiya, ya shiga gaba. Ni ina baya da ƙwaryar abinci a ka, laka na cafke mini ƙafa, matsattsaku na manne mini a ƙwauri. Ita tana can sama a bushe, ta juyo da kai tana kallona. Abin da na samu daga wurinsa kawai shi ne, ba tare da ya waiwayo ba, “A riƙa takawa inda na taka.”

Da sanyi ya shigo, wani Bature da ke zuwa fadamarmu harbin dinya da agwagin ruwa ya hango ta tana gudu. Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar gidanmu, da tafintansa, da Bulama mai garinmu. Aka ce a fito da ita, ni na riƙo igiyar. Baturen nan, da ake faɗuwa ƙasa a gaishe shi, sai ga shi ya cire malafa ya tsuguna a gaban karya. Ya yi ta magana, tafinta na juyawa. Wai irinta tsohon iri ne ƙwarai, har a jikin duwatsun Masar akwai zanensu tun zamanin Fir'auna, wai ya ga masu gashi irin wannan lokacin da yake soja a ƙasashen gabas, bai taɓa zaton zai ga ɗaya a nan ba. Daga ƙarshe ya ce yana so, a faɗi abin da za a ba shi ita. Bulama ya shiga ƙifta wa Baffa ido, don a zamanin nan ba a ce wa Bature a'a. Ni kuwa duk addu'ar da Inna ta koya mini sai da na karanta a zuci, ina roƙon Allah ya sa a tafi da ita.

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce wa Bulama, “Ranka ya daɗe, a gaya masa ya yi haƙuri. Irin wannan ba a sayar da ita, kyauta ake bayarwa. Kuma ba ni aka ba ba. Wadda aka ba tana kwance a Wadai, ni riƙo nake yi.” Tafinta ya juya masa maganar. Bature ya daɗe yana kallon Baffa, sannan ya shafa kan karyar, ya mayar da malafarsa ya tafi. Inna da ke laɓe a zaure ta ce, “Ashe karyar Fir'auna ce. Shi ya sa take kallon mutane haka.”

Kowa ya yi dariya ban da ni. Na cika na yi fam. Da azahar na kai mata tuwo, Baffa na zaune a ƙofar ɗakinsa da carbi. Ba ni da bakin yi masa magana, ban taɓa yi ba, don haka na buga kaskon a ƙasa na dubi karyar na ce da ƙarfi, “Ci, 'yar gata! Ke kam kin ji daɗinki. Bature da kansa ya roƙa an hana shi ke. Ni kuwa ba wanda ya roƙa aka ajiye ni aka tafi. Ke aka goya, ke aka yi wa lalle, ke kika san uwata. Ni ko kamanninta ban sani ba!” Inna ta wurgo mini mafici tana cewa, “Ke! Bakinki ya sari ɗanyen kashi! A gaban ubanki?” Baffa ya miƙe. Ya sa takalmansa ya fita masallaci, alhali an riga an yi salla.

Kwanaki suka wuce gidan shiru, ko Larabcin ya daina. Sai wata la'asar, ina saƙar kabata ina ba su baya, na ji ya yi gyaran murya ya ce, da Hausa, “Tsaya mana in cire miki. Kin san ranar da muka bar garin nan ba a haife ki ba, bari in ba ki labari. Mun kai bakin kogi za mu shiga kwalekwale, sai mai ɗakina ta ce ta manta allurarta, ta koma. Allurar tana cikin kayanmu, na gan ta da idona. Ta bayan danga ta zaga, ta leƙa ɗakin Inna, yarinyar na barci. Ta dawo, ta ce kuma ta manta zare. Sai da ayari ya tafi ya bar mu.” Hannuna ya tsaya a kan kabar. Inna ta yi tari, ta tattara audugarta ta shige ɗaki, ta bar mu mu uku. Ban juyo ba, shi ma bai ɗago ba. Ya ci gaba da taje kunnen ya ce, “Ke ai kin gane yarinyar tun ranar farko. Tafiyarsu ɗaya da uwarta, har yadda suke tura baki in sun yi fushi.”

Haka muka samu hanya. Kullum la'asar yana ba karya labari, ni ina baya ina sha. Bi da bi yake tafiya, yadda suka bi hanyar, ba ya tsallake zango. Na ji yadda suka yi damina a birnin Yerwa, da yadda jakinsu na farko ya mutu, da shekarun da suka yi suna tsinkar auduga a Sudan. Na ji yadda uwata ta yi ta amai a jirgin ruwa tana cewa in ta sauka ba mai sake ɗora ta. Na ji tana da saurin fushi da saurin dariya, kuma ba ta iya cin tuwo ba yaji. Ya ce duk garin da suka sauka, in ta ga yarinya sa'ata sai ta roƙi uwarta ta bari ta yi mata kitso, wai don hannunta ya san girman da kan 'yarta ya kai. A hanyar dawowa suka zauna da waɗansu Larabawa masu raƙuma a bakin teku, matar mai gidan ta sha wuyar naƙuda, uwata ta tsaya a kanta har ta sauka lafiya. Shi ne suka ba ta 'yar kwikwiya, abin da ba sa ba kowa sai wanda suka girmama. Daga nan hanya ta zama daji, ba yaran da za a yi wa kitso, sai ta koma taje kunnen karya, har 'yan ƙananan kitso take yi mata don kada hannu ya manta.

Kada wani ya ɗauka kishin ya tafi. Ƙaruwa ya yi. Da, matsefi da lalle nake yi wa, yanzu kuwa na san hannun uwata ya yi shekaru a kan wannan kunnen. Ga shi kuma labarin nawa ne, amma ita ake kallo ana faɗa, ita ake shafawa. Kuma Baffa marowacin labari ne. In ƙarangiya ta ƙare, zance ya ƙare, ko da a tsakiyar magana ne. Da na gane haka sai na riƙa jan ta da hantsi zuwa bayan gari, in bi da ita inda ƙarangiya ta fi kauri, mu dawo ni da ita duk mun yi butu-butu. Baffa ya duba kunnuwan ya ce, “Ikon Allah, ƙarangiyar bana ta yi yawa.” Inna ta ce, “Ƙwarai kuwa, har da mai kai mutane cikinta.”

Damina ta sake zagayowa, labari ya baro garin Fashir na Sudan, saura kaɗan a shiga Wadai. Abin da nake jira ke nan, in ji yadda uwata ta ƙare, in ji ko ta tuna da ni. Sai karya ta kwanta. Ƙudan tsando ya yi yawa a bakin kogi shekarar nan, masu dabbobi suka ce ciwon sammore ne, wanda cizon ƙudan ke kawowa. Ta daina ci, idanunta suka yi fari-fari, ramar da take da ita ta zama ta gaske. Baffa ya ci gaba da zama da ita a gindin tsamiya, yana tajewa, amma bakinsa ya rufe. Ni da na yi addu'a a tafi da ita, ni ce na koma dafa mata romon kifi ina ɗura mata da ludayi, ina cire mata kaska, ina yi mata hayaƙi don ƙuda. Inna ta ce, “Ashe dai ana so.” Na ce, “Ni ba sonta nake ba.” Kuma gaskiyata ke nan. So nake ta tashi ta kai ni Wadai.

Ba ta tashi ba. Wata safiya na kawo romo na tarar ta miƙe a kan buzunta. A garinmu in kare ya mutu, igiya ake ɗaura masa a ja shi bayan gari, ungulu su ƙarasa. Baffa ya naɗe ta a buzun ya saɓa a kafaɗa, ya ɗauki fartanya, ya ce, “A ɗauko matsefin.” Na bi shi muka ratsa ruwa zuwa tudun gonarmu, inda ambaliya ba ta kaiwa. Ya haƙa rami a gindin wata goruba, ni ina tsaye a bayansa, raina a ɓace, ina cewa a zuci shi ke nan ta tafi da sauran labarin, ta cuce ni har a mutuwarta.

Da ya gama haƙa sai ya zauna a bakin ramin, ya ɗora kanta a gwiwarsa, ya miƙo hannu baya ba tare da ya juyo ba. Na sa masa matsefin. Ya fara taje kunnen a hankali, ya ce, “Saura kaɗan mu ƙarasa kika gaji. To, wannan ai ba sai na gaya miki ba, kina wurin. Kina kwance a ƙafafun mai ɗakina, zazzaɓi ya ci ƙarfinta, ayari ya wuce ya bar mu a gindin wata ƙaya. Ta ce mini, tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa kiran sunanta ba, ina jin kunya. Yau ba kowa a nan sai kai da karya, bari in kira ta ko sau ɗaya.” Sannan ya faɗi sunana. Ya faɗe shi yadda ta faɗa, da jan ƙarshensa, irin kiran da mace ke yi wa yaro ya dawo gida daga bakin kogi.

Ban san lokacin da na ce “Na'am” ba.

Bai juyo ba. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya daɗe a haka, sannan ya sa ta a ramin, ya mayar da ƙasa, ya daddanna da tafin hannu. Ya tashi ya saɓa fartanya, ya bar matsefin a kan tushen goruba, ya ce wa iska, “A ɗauki wannan, a riƙe.” Muka kamo hanyar gida, yana gaba ina baya, ina takawa inda ya taka.

Baffa ya yi shekaru da yawa bayan wannan, ya ga 'ya'yana, ya yi musu wasa, ya kira kowannensu da sunansa. Ni kuwa “a” na ci gaba da zama har ya koma ga Allah, kuma bai sake ba da labarin hanya ba, don ba wanda zai ba. Matsefin yana nan a wurina, haƙoransa biyu sun karye, da shi na yi wa 'ya'yana mata kitso. In na ɗauko shi nakan tuna cewa sau ɗaya tak uwata ta kira sunana a duniya, kuma karya ce ta ji. Sau ɗaya ubana ya faɗe shi, shi ma ita yake gaya wa, ni a baya nake tsaye na tsinta.